Ba Kowace Tsatsa ce Ɓarna ba

Ɗalibin da ya zaga kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sha ganin goron da aka ɓantara yana sauya launi a faifan mai talla, ya kuma sha ganin tsatsa a bakin fartanya. Idan ya taɓa zuwa karofin Ƙofar Mata a birnin Kano, ya ga marini ya tsamo zane yana kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi. Duka ukun abu guda ne ke faruwa: wani sinadari na sakin elektiron, iskar oksijin na karɓa. A makarantar sakandare, malamin kemistiri ne ke koyar da wannan musaya ta elektiron, malamin bayoloji kuma ya koyar da DNA a wani darasi dabam, babu mai ambaton ɗan'uwansa. Wannan rabuwa kuskure ce, kuma ɗalibi ne ke kwana a ciki.

DNA tamkar littafi ne mai dubban shafuka. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki na ɗauke da littafin sukutum, amma ba ta karanta shi duka. Akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su kama DNA a wani gurbi na musamman, su buɗe shafin da ake bukata. A shekarar 1990, Tom Curran da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa biyu daga cikin waɗannan furotin, Fos da Jun, suna da wani ɗan sinadari mai suna sistayin, mai ɗauke da farar wuta, daidai wurin da suke kama DNA. Idan aka ƙwace wa farar wutar elektiron, riƙon ya saki. Idan aka mayar mata, riƙon ya dawo. A 1992 suka gano Ref-1, furotin ɗin da ke mayar da elektiron ɗin a cikin ƙwayar halitta.

Akwai kuma inda lamarin yake a juye. Ƙwayar bakteriya ta cikin hanji, E. coli, tana da furotin mai suna OxyR. A 1998, Gisela Storz da abokan aikinta suka nuna cewa idan haidurojin feroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, ya taɓa OxyR, sai farar wuta biyu na jikinsa su ƙulla gada a tsakaninsu. Daga nan ya sauya siffa, ya sauya yadda yake riƙe DNA, ya buɗe shafukan da ke ƙera garkuwa daga wannan guba. Ke nan gubar da kanta ce ke kai saƙon a shirya mata.

Me ya sa ɗan sakandare zai damu da wannan? Saboda a kasuwa da rediyo ana tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya da sunan suna hana jiki tsatsa, kamar dai duk aikin oksijin a jiki ɓarna ne. A ƙasar Finland an gwada wannan tunani a kan maza masu shan taba sama da 29,000. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cewa waɗanda aka bai wa ƙwayar beta-karotin sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Jiki ba fartanya ba ne da za a shafe da mai a ajiye. Yana bukatar daidaito tsakanin bayar da elektiron da karɓarsa, domin da wannan daidaito yake sanin shafin da zai buɗe. Wanda ya fahimci haka ba zai yi saurin miƙa kuɗinsa ga mai daɗin baki ba.

Wasu malamai za su ce manhaja ta riga ta cika, jarrabawar WAEC da NECO ba sa tambayar Fos da Jun, ga shi kuma kayan gwaji sun yi ƙaranci. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Sai dai ba sabon babi ake nema ba. Ɗan yankin ɗanyar hanta daga wurin mahauta da 'yar kwalbar haidurojin feroksaid sun isa. Da an ɗiga ruwan a kan hantar kumfa za ta taso, domin wani furotin mai suna katales na farfasa gubar zuwa ruwa da oksijin. Irin wannan garkuwar ce OxyR ke buɗe shafinta a cikin bakteriya. Minti goma sun ishi malamin kemistiri da na bayoloji su tsaya a gaban aji ɗaya, kowa ya bayyana ɓangarensa.

Wudil ta yi sa'a, tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a ƙofar gida. Ya kamata ɗalibanta na fannin kimiyyar rayuwa su riƙa leƙa makarantun sakandaren da ke kewaye, su tafi da hanta da goro da ɗan ƙyallen rini, su nuna wa ƙannensu cewa abin da ke faruwa a karofi yana faruwa a cikin jikinsu.