Zauren Iyali: Wa Ke Biyan Bashin Ramuwa?

A wannan fitowa mun ɗauko labari daga nesa, amma wanda ya ji shi zai zaci a maƙwabtansa ya faru.

Shekara 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani marubuci Bagirke mai suna Yurifidis ya nuna wasan kwaikwayonsa, Midiya, a birnin Atina. Midiya 'yar sarkin Kolkis ce, wato yankin Jojiya ta yau. Saboda son wani baƙo mai suna Jason ta ci amanar mahaifinta, ta kashe ɗan'uwanta, ta bi shi. Suka zauna a birnin Korinti da 'ya'yansu maza biyu. Da Jason ya hango sarauta sai ya juya mata baya, ya auri 'yar Sarki Kiriyon. Sarki ya ce ta bar gari. Ta roƙi arzikin kwana ɗaya, aka ba ta.

A cikin wannan yini ta aika wa amarya riga da kambi masu guba ta hannun yaran. Amarya ta mutu, uban da ya rungumi gawarta ya bi ta. Sannan Midiya ta kashe 'ya'yanta da hannunta, domin Jason ya tsufa ba magaji. Ko gawarsu ba ta bar masa ya binne ba.

To, mu a Gema da Jugu ba mu san irin wannan ba? Mace ta sayar da kayan ɗakinta, ta zuba adashinta a jarin miji, in dukiya ta zauna sai ta ji labarin ɗaurin aurensa a bakin mata a kasuwar Arzeke. Ƙarin aure halal ne, amma ɓoyewa da butulci su ne ke hura wutar. Ita kuwa uwargida, ko ba ta ɗauki wuƙa ba, takan cusa wa yara ƙin ubansu da 'yan'ubansu, ko ta kai kuɗin cefane gidan boka.

Mu kuma tuna cewa tun 2004 dokar iyali ta ƙasar Benin auren mace ɗaya ta sani. Magidancin da ya ƙara aure bai tsara haƙƙin kowane ɗaki ba, ya bar wa yara rigima ranar rabon gado.

Midiya ta rama, amma ta koma ba miji, ba ɗa, ba gidan uba. Ya magidanta, a riƙe amana, a faɗi gaskiya tun da wuri. Ya iyaye mata, in an cuce ku a kai kuka ga waliyyai da malamai, kada a mai da yara sandar duka.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Sai fitowa ta gaba.