Gyambon Mai Ciwon Ƙoda Ba Jifa Ba Ne

Abin takaici ne yadda a garuruwa irin su Katanga, Jega, Aliero da Maiyama, da zarar fatar mai ciwon ƙoda ta yi baƙi ta fara zugi, sai a ce jifa ne, a kira wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho. Alhali wannan ciwo likitoci sun san shi, suna kiran sa kalsifilaksis.

Ga yadda abin yake. Idan ƙoda ta gaza, sinadarin fosfet da take fitarwa ta fitsari sai ya taru a jini. Wasu ƙananan halittu da ke wuya su riƙa zaƙulo kalsiyam daga ƙashi. Su biyun su haɗu su daskare a jikin ƙananan jijiyoyin jini na fata da kitse, kamar yadda ƙasa ke toshe indararo. Jini ya daina kai wa wurin, nama ya mutu. Yakan fara da shaci mai duhu a cinya, ciki ko ƙwauri, da zafin da ke hana barci, daga baya ya fashe ya zama gyambo mai baƙin ɓawo. Ba kowa yake kamawa ba, ya fi samun mata, masu ƙiba da masu ciwon suga. Amma kusan rabin waɗanda ya kama ba sa cika shekara, galibi saboda ƙwayoyin cuta sun shiga jini ta gyambon. To ina ga an ɗora aska a kai?

'Yan uwa matasa su ne ke jinyar iyaye, su ke ɗaukar su a babur, don haka nauyin yana wuyansu. Duk shacin da ya fito, a nuna wa likitan ƙoda a Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun bai fashe ba. A nemi awon fosfet da kalsiyam. A raba maras lafiya da lemon kwalba baƙi, da ƙwayoyi irin su diclofenac da ake saya barkatai a kemis.

A 2025 gwamnatin tarayya ta yi shelar rage kuɗin wankin ƙoda daga N50,000 zuwa N12,000 a wasu asibitocinta. Wankin nan sau uku ake bukatarsa a mako. Ko a sabon farashin, N36,000 ke nan duk mako, ban da kuɗin mota da magani. Wane manomin albasa ne a Aliero zai jure wannan? Wajibi ne gwamnatin Kebbi ta ɗauke wa talaka kuɗin, ta kuma kawo injinan wankin kusa da shi.