Darasin Kimiyya a Cikin Gangar Wiskin Sikotland

Sanin kowa ne cewa Musulunci ya haramta giya, kuma likitoci sun tabbatar da illarta. Wataƙila shi ya sa wasu malaman sakandare kan bi ta gefen darasin tsimuwa da sauri, kamar mai tsallake garwashi. Wannan kuwa kuskure ne, domin tarihin wiskin Sikotland kaɗai ya isa ya nuna yawan ilimin da ɗalibi ke rasawa.

Rubutacciyar shaida mafi tsufa a kan wannan barasa tana cikin littafin baitulmalin sarkin Sikotland na shekarar 1494, inda aka rubuta cewa an ba wani malamin coci, John Cor, tsiron sha'ir don ya yi "ruwan rai". Daga wannan suna a harshen Gelik kalmar wiski ta samo asali. A 1823 aka yi dokar da ta sauƙaƙe samun lasisi, masu dafawa a ɓoye suka fara fitowa fili.

Aikin yakan fara ne da jiƙa sha'ir har ya tsiro. Da ƙwayar ta farka sai ta samar da wasu sinadarai, wato inzayim, masu mai da sitaci sukari. Irin wannan tsiro ne masu burukutu ke yi da dawa, kuma daga tsiron sha'ir ne Payen da Persoz suka ware inzayim na farko a Faransa a 1833. Bayan an busar da tsiron an niƙa, sai a jiƙa shi da ruwan zafi, a tace, a zuba yis. Yis halitta ce mai rai, kamar yadda Louis Pasteur ya nuna: takan ci sukari ta fitar da itanol da iskar kabon.

Daga nan sai a dafa ruwan a tukunyar tagulla, galibi sau biyu. Itanol na tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100, saboda haka tururin farko ya fi ƙarfin barasa. Tatsa ta hanyar tururi tsohuwar fasaha ce. Tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya yi rubutu a Bagadaza kan haɗa turare da ita.

Abin da ke fitowa fari ne tas. Launi da yawancin ƙamshi daga gangar itacen ok suke zuwa, kuma dokar 2009 ta ce ba a kiran sa wiskin Sikotland sai ya shekara 3 a ganga. Kowace shekara wajen kashi 2 cikin 100 na bin ramukan katakon ya tafi iska.

Mai suka zai ce koyar da wannan tamkar talla ce. To, amma ai wannan yis ɗin shi ke kumbura burodi, itanol ɗin shi ne a ruwan goge hannu na asibiti, kuma tun 1975 Barazil ta duƙufa wajen yin man mota da shi daga rake. Bugu da ƙari, ɗalibin da ya fahimci darasin zai gane cewa daɗewa a ganga ba ta rage cutarwa: hanta na juya itanol zuwa wani guba, kuma tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa giya cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Zai kuma san metanol, wanda ke makantarwa, wanda ya kashe mutane da dama masu shan ogogoro a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Kamata ya yi malami ya kawo yis da sukari da balan-balan cikin aji, ɗalibai su ga iskar na hura shi da idonsu, sannan ya bayyana musu amfanin abin da haɗarinsa ba tare da kwana-kwana ba.