Fatsa a Bakin Wouri: Haƙuri da Sanin Ruwa

Matasanmu na New Bell masu zuwa fatsa bakin kogin Wouri, da zarar sun dawo hannu rabbana sau uku ko huɗu, sai su rataye ƙugiya, su ce babu rabo. A ganina, sanin ruwan ne ya yi musu ƙaranci. Wouri ba gulbin Argungu ba ne. Teku ce ke turo masa ruwa, ya cika ya janye sau biyu a kowace rana, kifi kuwa wannan motsin yake bi. Ya ku samari, ku je Youpwé, ku rusuna wa tsofaffin masunta, ku tambaye su lokaci da irin koto. Sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Allah Ya sa mu dace.