Wa Ya Auna Muna Wagga Riga?

Daren Asabar a majalisarmu ta wurin mai shayi a Minanata, wani ɗan uwa na jam'iyya, cikin masu shiga ofis-ofis da fayil a hammata, ya yi wata magana da ta hana ni barci. Cewa ya yi: "In muna son kuɗin Bankin Duniya, dole mu daidaita tsare-tsarenmu da abin da suka sa gaba. Haka duniya take yanzu." Ya faɗe ta yana murmushi, kamar mai kawo albishir. Na ce masa ba zan amsa a gaban yara ba, zan amsa a nan inda kowa zai karanta.

Da farko, kada wani ya ce ina ƙin bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma na san rancen Bankin Duniya ya fi na bankunan kasuwa sauƙin ruwa da tsawon wa'adi. Abin da nake faɗa da shi, shi ne a ɗinko riga a Washinton, a kawo ta Sakkwato, in ba ta shiga ba sai a ce jikinmu ne ke da laifi, a fara rage muna kafaɗa.

Mun ga yadda ake ragewar. Ranar 29 ga Mayu 2023, shugaban da muka sha rana muka yi wa kamfe ya sanar da ƙarshen tallafin mai tun a filin rantsuwa. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da ke wajen 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Waɗannan abubuwa biyu su ne IMF da Bankin Duniya suka shekara da shekaru suna nema. Da aka yi, suka yaba. A Yunin 2024 Bankin ya amince da rancen dala biliyan 2.25 don tallafa wa waɗannan sauye-sauye da ƙara tara haraji. A Oktoban wannan shekarar, babban masanin tattalin arzikin Bankin, Indermit Gill, ya zo Abuja ya ce sai mun dage a kan wannan hanya shekara 10 zuwa 15 kafin a ga canji na haƙiƙa. A cikin watan ne kuma rahoton Bankin da kansa ya ce 'yan Najeriya miliyan 129 na cikin talauci.

Shekara goma sha biyar! Je ka faɗa wa ɗan kabu-kabun da ke tsaye a bakin titin Minanata tun hantsi, fasinja sun koma tafiya ƙasa. Je ka faɗa wa matar da ke jiran ɗan ga-ruwa da kurarsa, tana lissafin jarka nawa za ta iya saye yau. Tun kafin a cire tallafin, a Nuwamban 2022, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa Sakkwato a sahun farko na talauci a duk Najeriya, kashi 90 da ɗoriya cikin ɗari. Maganin da aka auna wa mai ƙarfi, shi aka ɗura wa wanda ke kwance.

Kuma wagga hanya mun taɓa bin ta. Tambayi dattawan unguwa. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara kan ko a karɓi rancen IMF. 'Yan ƙasa suka ce a'a, gwamnati ta ce ta ji. A 1986 sai ga SAP, wato sharuɗɗan nan dai, an shigo da su ta ƙofar baya: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen auduga da gyaɗa, aka fara zame hannu daga hidimar jama'a. A shekarar ce marigayi Dokta Yusufu Bala Usman na Zariya ya fitar da littafi sukutum yana cewa mafita tana cikin gina kasuwar cikin gida. Ba a saurare shi ba. Zuwa 1989 ɗalibai suna kan titi. 'Yan uwanmu na Ƙonni da Maraɗi su ma sun ɗanɗana tasu a Janairun 1994, da aka wayi gari an raba darajar sefa gida biyu. A 2005, lokacin Obasanjo, sai da muka zuba dala biliyan 12 kafin ƙasashen da ke binmu su yafe biliyan 18. Muka yi murna mun fita. Yau ga mu a layi kuma.

Ɗan uwan nawa ya ce ai tun da aka cire tallafi kason jihohi daga Abuja ya ƙaru. Gaskiya ne, ya ƙaru, kuma sosai. Amma ga abin da bai faɗa ba. Rancen da jiha ke ci daga Bankin Duniya da kuɗin waje ake lissafa shi. Gwamnatin tarayya ce ke sa hannu, ita kuma ta cire nata tun daga tushe kafin kason wata ya iso jiha. To yi lissafi da kanka: dala miliyan ɗaya da aka ranto lokacin tana 460, naira miliyan 460 ke nan. Da ta kai 1,500, wannan bashin dai ya zama naira biliyan ɗaya da rabi. Ba mu ƙara cin ko kwabo ba, ba a ƙara haƙa rijiya ko ɗaya ba, bashi ya ninka fiye da sau uku. Wanda ya ba mu shawarar sakin naira, shi ne mai bin mu bashin dala. Ban ce makirci ne ba. Na ce dai a lura.

Sai wani ya ce ai mu ma membobi ne, da mu ake yanke shawara. Da wa? A IMF, nauyin ƙuri'a gwargwadon kuɗinka ne. Amurka kaɗai na da sama da kashi 16 cikin ɗari, manyan ƙudurori kuwa sai da kashi 85, wato in ta ce a'a magana ta ƙare. Najeriya, da mutum fiye da miliyan 200, ba ta kai kashi ɗaya ba. Tun kafuwarsu, Ba'amurke ke shugabantar Bankin Duniya, Bature daga Turai ke riƙe IMF. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wannan mun sani. Abin da ban gane ba shi ne mai askin da ke rawa yana cewa shi ya zaɓa.

Zan yi adalci. Shirin SFTAS na Bankin ya tilasta wa jihohi wallafa kasafinsu da rahoton binciken kuɗi a intanet, abin da da can sai ka san wani kafin ka gani. Wannan alheri ne, ko da yake abin kunya ne a ce sai da aka yi muna tayin dala muka nuna wa talakawanmu lissafin kuɗinsu. ACReSAL na yaƙi da zaizayar ƙasa da hamada, AGILE na karatun 'yan mata, duk abubuwa ne da muke buƙata. Matsalar tana wurin wa ke fara magana. Yanzu abin da ake yi, a leƙa a ga wace taga Bankin ya buɗe bana, sai a rubuta buƙatar da ta yi daidai da tagar. Abin da babu tagarsa, sai ya koma ƙasan fayil.

Mi muke so in an tambaye mu? Ruwan famfo ya iso Minanata da Mabera kullum, ga madatsar Goronyo nan tun zamanin Shagari aka gina ta. Albasarmu ta daina ruɓewa a rumbu, manomi ya daina sayarwa da arha lokacin kaka don tsoron asara. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda duniya ta san ta tun zamanin ayarin raƙuma, a jeme ta a ɗinka ta a nan, maimakon a loda ta ɗanya wasu su ci ribar. Gaba da komai, manomin Sabon Birni da Isa da Rabah ya iya zuwa gonarsa ya dawo da ransa. Wane shirin noman rani zai yi tasiri a ƙauyen da aka watse?

Saboda haka ga abin da ɓangarenmu ya kamata ya tsaya a kai, a fili, ba a bayan fage ba. A fara rubuta buƙatun jiha daga mazaɓu, da Hausa, kafin a zauna da kowane mai ba da rance. Wanda kuɗinsa ya dace da su bismillah, wanda bai dace ba a gode masa. Majalisar dokokin jiha ta wallafa duk rancen waje da ke kanmu, na wannan gwamnati da na waɗanda suka gabata: nawa ne, me aka yi da shi, yaushe za a gama biya, nawa ake cirewa duk wata. Kuma kada a sake cin bashin dala a kan aikin da ba zai iya nuna inda kuɗin biyansa za su fito ba.

Na san za a ce ina yi wa 'yan adawa aiki. Wace adawa? Atiku da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin nan a 2023, don haka ba su da bakin yi muna gori. Amma ku tuna a zaɓen shugaban ƙasa na wannan shekarar da 'yan ƙuri'u kaɗan Atiku ya sha gabanmu a jihar nan, lokacin kuwa litar mai ba ta kai 200 ba. Ranar da za mu koma ƙofa-ƙofa neman ƙuri'a, babu jami'in Bankin Duniya da zai raka mu lungunan Minanata. Mu ne za mu yi sallama, mu ne za a tambaya kuɗin mudun gero.

Ɗan uwana mai fayil, Asabar mai zuwa ina nan wurin mai shayi. Ka zo da jerin basussukan, ni zan biya shayin.