Kar ka yarda a yanka wayoyin motarka kafin a buɗe rimot ɗin

Yau ba maganar waya za mu yi ba, maganar makullin mota ce, irin wanda ake sakawa a aljihu a danna madanni mota ta tashi. Wasu za su ce ina ruwan mai gyaran waya da mota? To rimot ɗin nan ɗan ƙaramin fanel ne mai batir da eriya da madannai, kusan ƙanin wayarka ne. Kuma ra'ayina a kansa shi ne: mafi yawan lokacin da mota ta ƙi ganin makulli, laifin yana jikin makullin ko batir, ba cikin ƙwaƙwalwar mota ba. Amma mutanenmu da an ga rubutu a dashbod sai gareji, a can kuma wani ya ce a yi furogiramin, wani ya ce a tsallake na'urar tsaron gaba ɗaya. Kuɗi su tafi, tsaron mota ya bi su.

Mu fara fahimtar yadda abin ke aiki. Idan ka taɓa hannun ƙofa ko ka danna madannin tayarwa, motar tana aika wani ƙaramin sigina da bai wuce kusan mita ɗaya ba, tana tambaya ko makullinta na kusa. Rimot ya ji, ya mayar da amsa da lambar sirri. Duk abin da ya hana shi ji ko ya hana shi amsawa, motar za ta ce ba ta gan shi ba. Saboda haka ga yadda ya kamata a bi:

1. Batirin rimot. Yawanci shekara 1 zuwa 2 yake yi, domin ko ba ka danna komai ba yana saurare. Buɗe ka karanta lambar da ke jikinsa. Da yawa CR2032 ne, wasu Camry da Lexus kuma CR1632. Lambar nan girma ce: 2032 faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. In ka sa 2025 a gurbinsa zai shiga, amma ya fi siriri, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sabo yana nuna sama da volt 3 a mita. Kuma a guji batirin da ya sha rana a kan tire a bakin titi.

2. Wayarka. Rimot da waya da fawa bank a aljihu ɗaya ba sa jituwa. Littafin Toyota da kansa ya yi gargaɗi kan ajiye makullin kusa da waya, kwamfuta ko talabijin. Cajar mota mai arha ma tana iya toshe siginar. Raba su, cire cajar, sake gwadawa.

3. Wurin da ka tsaya. Kusa da dogon ƙarfen gidan rediyo ko talabijin sigina kan rikice. In a gida Ƙauyen Alu lafiya ƙalau take, sai a wani wuri guda take gardama, to wurin ne, ba motar ba.

4. Batirin motar. Cikakke yana nuna kusan volt 12.6 a kashe. In ya yi ƙasa da 12, motar kan fara rikicewa, har da ƙin ganin makulli.

5. Ruwa da ƙura. Rimot ya bi riga cikin wanki, ko ruwan alwala ya shiga, ko ƙurar hunturu ta taru a ƙarƙashin madanni. Cire batir nan take, kar ka yi ta dannawa. Burushi da sipirit suna wanke fanel ɗin, in kuma ƙafar batir ta saki saboda faɗuwa, ɗigon dalma ɗaya ne. Wannan aikin duk mai gyara a Farm Centre yana yin irinsa kullum.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ko batirin rimot ya mutu murus, ba ka makale ba. A jikinsa akwai makullin ƙarfe a ɓoye, zaro shi ka buɗe ƙofar direba. Ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin madannin tayarwa, in Toyota ce ta ɓangaren tambarin, sannan ka danna. Akwai ɗan guntu a ciki da ke karɓar wuta daga motar, ba ya buƙatar batir. Wannan ma gwaji ne: in ta tashi a haka, motar ta san makullinta, babu wani furogiramin da ya goge.

Na san 'yan uwanmu masu rewaya za su ce akwai matsalar da sai su. Gaskiya ne. Fiyus na ƙonewa, eriyar cikin ƙofa na lalacewa, kuma wanda ya ɓatar da makullansa duka dole sai na'ura. Ba na ja da wannan. Abin da nake ja da shi shi ne a fara da babba kafin ƙarami. In kana da rimot biyu, gwada ɗayan. Ya yi aiki? Laifin na farkon ne. Duka sun ƙi bayan sabon batir? Yanzu ne lokacin gareji, kuma wurin mai na'urar bincike, ba mai almakashi ba.

Wanda ya ce zai tsallake maka na'urar tsaron don a huta, ka tuna ita ce ke hana injin tashi a hannun ɓarawo. Ranar da aka cire ta, ka bar jaki ne a kasuwa ba dabaibayi.

Masu zuwa Ƙofar Ruwa neman wani rimot kuma a kula. Beljiyam ɗin da aka ƙera don Amurka yawanci a kan megahaz 315 suke, na Turai kuma 433. Kamannin waje ɗaya, amma ba sa jin yaren juna. Duba lambar bayan naka ka nemi daidai ita. Sannan rimot ɗin Toyota da ya taɓa aiki a wata mota a kulle yake da ita, sai an warware shi kafin taka ta karɓa, don haka a gwada kafin ka biya.

Shawarata ta ƙarshe: in makulli ɗaya gare ka, yi na biyu tun wannan yana aiki, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka kuma ajiye sabon batir ɗaya a gida. Rigakafi ya fi magani.

Tura wa ɗan uwa mai irin wannan motar. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.