Daren da Muka Kwana a Kamaru Ba da Niyya Ba

Makon jiya mun yi muku alkawarin labarin tafiyar da muka yi a hutun ƙarshen shekara zuwa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. To ga shi, alkawari kaya ne. Sai dai tun yanzu mu faɗa muku, labarin ba na jarumtaka ba ne. Akwai inda muka yi wauta, kuma saura ƙiris wautar ta ci ɗan mutane.

Ku ɗauko taswira ku sa yatsa a kan Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, ku gangara kudu maso gabas har inda layin iyakar Nijeriya da Kamaru yake. Nan dutsen yake, tsawonsa mita 2,419 daga saman teku. Wasu suna kiransa Gangirwal, har ana yi masa laƙabi da dutsen mutuwa. Yana gefen gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi duk gandayen daji na ƙasa girma a Nijeriya, kuma ya samu wannan matsayi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro ita kanta Jihar Taraba. Ba a shiga gandun kai tsaye. Sai an biya ta ofishinsu da ke Serti an karɓi izini, su haɗa mutum da malamin daji.

Mu biyar muka tashi. Cikinmu akwai wani malamin labarin ƙasa da ɗan yayarsa, saurayi ne da ya gama aji shida a bara, muka sa masa suna Auta. Daga Jalingo muka bi ta Bali zuwa Serti, sannan Mayo Selbe, inda mota take fara hawa tsaunin Mambila. Wannan hawa shi ake kira Hawan Biyu da Sisi. Ku tambayi kakanninku mene ne sule biyu da sisi, za su ba ku labarin kuɗin da. Hanya ce mai kwana a kan kwana, dutse a hagu, rami a dama, direba yana ta canja giya, fasinja kowa ya yi tsit. Da muka kai sama sai ƙasa ta canja gaba ɗaya: tuddai masu ciyawa iya ganin ido, itatuwan turare a jere, shanu ko'ina, ga gonakin shayi a wajen Kakara. Wanda bai taɓa ganin yadda ganyen shayi yake a gona ba, gajeren itace ne da ake aske wa kai ya tsaya daidai ƙugu.

Daga Nguroje muka hau acaɓa har ƙauyen da hanya ta ƙare. A nan malamin daji ya samo mana wani dattijo Bafulatani da ya yi kiwo a tsaunukan tun yana yaro. Baffa muke ce masa. Kafin mu ɗaga ƙafa sai da ya ɗaga jakar goyon kowa ya jijjiga. Masu irin wannan tafiya suna da ƙa'ida, kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Mai kilo 60, kayansa kilo 12. Wani daga cikinmu, ba za mu tona shi ba, ya zo da takalmi ƙafa uku da kwalbar turare. Aka bar su ajiya a gidan mai gari. Abin da ya rage shi ne tanti, bargo, rigar sanyi, tocila, tukunya ɗaya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, suga da ganyen shayi.

Ranar farko babu wani labari, sai gumi da bororo a dunduniya.

A rana ta biyu ne, bayan la'asar, muka iso bakin wani rafi a cikin kwari. Wuri ne mai itatuwa, iska ba ta shigowa. Baffa ya sauke sandarsa ya ce, "Malam, mu yada zango nan. Gaba babu itace, babu mafaka, kuma rana ta yi sanyi."

Mu kuwa muna ta lissafi. In muka ƙara tafiyar awa biyu, gobe da hantsi muna kan dutse, mun rage kwana guda, mun rage kuɗin jagora da na abinci. Muka ce, "Haba Baffa, ko ƙarfe huɗu da rabi ba ta yi ba. Mu ɗan taɓa mana."

Ya dubi sama, ya dube mu. Ya ce, "To, ku ne masu tafiya." Malamin daji ma ya goyi bayansa, amma muka yi musu yawan baki. Mutum biyar masu takardun makaranta suka rinjayi mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana taka wurin.

Wajen tsallake rafin Auta ya taka dutse mai gansakuka, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa har ƙirji, da shi da jakarsa. Ya tashi yana dariya, mu ma muka yi dariya. Bargonsa ya jiƙe sharkaf, domin ledar da aka ce ya naɗe shi a ciki ya cire ta ya zuba dabino. Ya ce ba komai, tafiya za ta busar da shi. Muka yarda. Wannan ita ce wauta ta biyu, kuma ta fi ta farko muni.

Ku tsaya mu yi ɗan darasi, domin nan ne amfanin labarin yake. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyos. Shi ya sa ake sa rigar sanyi a Gembu alhali ana gumi a Jalingo. Zafin jikin ɗan Adam kuwa yana wajen digiri 37, in ya sauko ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, kuma tufafin auduga, irin su wandon jins, in sun jiƙe riƙe ruwan suke yi su manne a fata. In aka haɗa jiƙaƙƙen kaya da iska da gajiya da yunwa, ba sai an je ƙasar ƙanƙara ba sanyi zai iya kashe mutum. Malamin da ke cikinmu ya san duk wannan, yana koyar da rabinsa a aji. Mu ma mun sani. Gaggawa ce ta rufe mana ido.

Da muka fito daga kwarin muka hau doron tsauni, sai iskar hunturu ta tarye mu. Babu ko bishiya ɗaya. Auta ya fara karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa. Can sai ya daina surutu, shi da bakinsa ba ya rufuwa tun daga Jalingo. Ya riƙa tuntuɓe inda babu dutse. Kawunsa ya tambaye shi sunan makarantarsu, ya ba da amsa kamar mai magana cikin barci. Sannan ya zauna a ciyawa ya ce a bar shi ya ɗan kwanta, ba ya jin sanyin kuma.

Ku riƙe wannan da kyau. Mutumin da sanyi ya kama, in karkarwa ta tsaya ba tare da ya samu ɗumi ba, yana neman barci, harshensa ya yi nauyi, ba sauƙi ya samu ba. Jikinsa ne ya fara gazawa.

Kawun ya rikice, ya kama kiran sunansa yana jijjiga shi. Baffa bai ce mana "ai na faɗa muku" ba, ko a lokacin ko daga baya. Ya ce a tuɓe masa jiƙaƙƙun kayan nan take, muka kare shi daga iska da jikinmu, aka sa masa busassun kayan wani, aka rufe kansa da hula, aka naɗe shi da barguna biyu. Ya ce kafa tanti a nan ba zai yi ba, babu itacen hura wuta. Amma akwai ruga a gangare, ta gabas, in mun yi sauri za mu kai kafin duhu ya gama rufewa.

Goyo muka riƙa yi, bi da bi. Wanda ya goya shi, wani ya ɗaukar masa jaka. Hazo ya sauko, ba ka ganin na gabanka sai hasken tocilarsa. Ba mu san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Abin da muka fara ji shi ne warin kashin shanu, sai haushin kare, kuma ba mu taɓa jin daɗin haushin kare kamar na wannan dare ba.

Baffa ya yi sallama da Fulatanci, ya yi 'yan kalmomi da maigidan. Ba a tambaye mu ko su wane ne mu ba. Wata dattijuwa ta ɗaga asabarin bukkarta ta ce a shigo da shi. Ta shimfiɗa fata da tabarma don kada ƙasa ta ƙara jan ɗumin jikinsa, ta kwantar da shi ɗan nesa da murhu, ta hana kawun murza masa ƙafafu da ƙarfi. Da ya fara dawowa hayyacinsa ta ɗora madara a wuta, muka zuba suga, ta riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan. Karkarwar ta dawo, wannan karon muka yi murna da ita. Wajen tsakar dare ya buɗe ido sosai ya ce, "Kawu, ina dabinona?" Kawun ya juya baya yana share fuska, wai hayaƙi ne.

Da asuba muka ji rediyo yana magana a wata bukka, da Faransanci. Wani yaro ya fito da littafin makaranta, shi ma Faransanci. Muka ce, "Baffa, nan ina ne?"

Ya ce, "Kamaru."

"Yaushe muka tsallako?"

Ya ce, "Wajen da mai dogon wuyan nan ya karɓi goyo."

Babu shinge, babu tuta, babu jami'i. Ciyawar ɗaya ce, shanun iri ɗaya, harshen ɗaya. Ko agogo ba mu gyara ba, don lokacin ƙasashen biyu ɗaya ne. Maigidan ya ce ƙanwarsa tana aure ta wajen Nguroje, shi kuma kasuwar da yake kai shanu ta wajen Banyo take.

Yadda layi ya ratsa wurin kuwa yana cikin littafinku na tarihi. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wannan yanki, har da Mambila, yana ƙarƙashin Jamus ne. Da Jamus ta sha kashi, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta riƙe wani siririn yanki a gefen Nijeriya. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Mutanen ɓangaren kudu suka zaɓi Kamaru, na arewa suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankinsu Lardin Sardauna, don girmama Sir Ahmadu Bello. Har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta sunanta Sardauna. Da ƙuri'ar ta juya, da dutsen da muka je hawa ba ya cikin taswirarmu. Rigimar iyakar ma ba ta ƙare nan ba, sai da ta kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci a watan Oktoba 2002, daga nan aka kafa kwamitin haɗin gwiwa ana bi ana dasa turaku.

Amma kada rashin shinge ya ruɗe ku. Layin da ba a gani, doka tana ganinsa. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, kuma mu uku ba mu da fasfo, sai katin ɗan ƙasa. Malamin daji ya gaya mana a fili cewa ikonsa ya tsaya a doron tsaunin can, in jandarmomi suka same mu, bayani mai tsawo ne. Don haka ba mu yi hantsi ba.

Da za mu tafi muka haɗa kuɗi muka miƙa wa dattijuwar. Ta ture hannun. Wani ya zaci don naira ce, ya laluɓo 'yar sefa da ya canja a Nguroje, ita ma ta ture, har ta ɗan ɓata rai. Baffa ya raɗa mana cewa mu ba ta suga da ganyen shayi. Waɗannan ta karɓa, da tocila ɗaya. Auta ya durƙusa ya ce, "Inna, na gode," Baffa ya koya masa ya ce "useko". Ta dafa kansa ta yi wata magana, mutanen gidan suka fashe da dariya. Wai cewa ta yi maraƙin da ya faɗa rafi ma ana shanya shi kafin a kora shi gaba.

Da muka koma ɓangarenmu sai gardama ta tashi. Auta ya dage sai ya hau, ya ce kuɗin tafiyar nan shekara guda ya yi yana tarawa, ba zai koma gida a ce goyo aka yi da shi ba. Har hawaye ya yi. Wannan karon ba mu yi lissafi ba, muka juya muka dubi Baffa. Ya ce yaron ya huta. Kawunsa ya zauna da shi a zango, shi da ya shekara goma sha biyu yana koyar da sunan dutsen nan bai taɓa ganinsa ba.

Mu uku muka hau da malamin daji. Numfashi yana yankewa, duk taku ashirin sai an tsaya. Da muka kai ƙololuwa, hazo ya rufe komai. Ba mu ga Nijeriya ba, ba mu ga Kamaru ba. Hoton da muka ɗauko, in kun gan shi, za ku rantse a gaban farin bango muka tsaya. Auta ya daɗe yana kallonsa a waya, sannan ya ce ai gara shi, ko ba komai ya sha madara.

Wanda wannan labari ya sa masa sha'awa, ba tafiyar da ɗalibi zai yi shi kaɗai ba ce ko da abokai. Sai da yardar iyaye, da babba a tare, da izinin gandun daji, kuma a bincika halin tsaro a lokacin. Da damina kuwa kada ma a fara, rafukan cika suke yi.

Ga aikin wannan mako. Kano tana kan tudun da ya kai kusan mita 500 daga saman teku. In da asubar hunturu zafin iska a Kano digiri 14 ne, nawa kuke sa ran zai kasance a ƙololuwar Chappal Waddi? Ku nuna yadda kuka yi lissafin, ku rubuta sunanku da ajinku da makarantarku. Uku na farko da suka dace za mu buga sunayensu. Mako mai zuwa kuma za mu shiga cikin dajin Gashaka, wajen birai.